Yadda ake ɗinka taswirar Wata daga hotunan kumbo

Tambaya, daga wani malamin labarin ƙasa a wata lise ta nan Damagaram: "Na ga taswirar Wata a intanet, gaba da baya a shimfiɗe kamar tabarma, ko'ina da haske, babu dare. Yara sun tambaye ni wa ya ɗauki hoton, kuma a ina ya tsaya, na rasa ta cewa. Yaya ake yin ta? Mutum zai iya gwadawa da kwamfutarsa?"

Malam, barka da ƙoƙari. Ka gaya wa yaran babu wanda ya ɗauki wannan hoto, don babu inda za a tsaya a ga Wata haka. Ko yaushe rabinsa yana cikin dare, kuma abu mai siffar ƙwallo ba ya kwanciya a takarda sai an ja shi. Abin da ka gani ɗinki ne. Wadda ta fi yawo a intanet, mai ɗigo ɗaya, wato fiksel, a kan kowace mita 100, an haɗa ta ne daga hotuna fiye da 15,000 da kyamarar WAC, mai faɗin gani, ta kumbon LRO na Amurka ta ɗauka tsakanin Nuwamba 2009 da Fabrairu 2011. Ɗaukar hoton ita ce mai sauƙi. Gumin yana wajen amsa tambaya uku a kan kowane ɗigo: ina yake a ƙasan Wata, nawa ne tudunsa, kuma ina rana take sa'ad da aka ɗauke shi.

Kumbon da zai yi taswira ana ɗora shi a hanyar da ke ratsa ƙuryar arewa da ta kudu. LRO, da aka harba ran 18 ga Yuni 2009, ya yi shekarunsa biyu na farko a tsayin kilomita 50, yana gudun kilomita 1.6 a sakan ɗaya, yana gama kewaye cikin abin da bai cika awa 2 ba. Kafin ya dawo Wata ya juya a ƙarƙashinsa da digiri 1 da ɗan ɗoriya, kimanin kilomita 31 ke nan a layin tsakiya. Ita kuwa WAC, idan tana ɗaukar launi, faɗin zirinta kilomita 57 ne, don haka kowane ziri yana hawa kan na kusa da shi. Cikin kwana 27 da ƴan awoyi Wata ya gama juyi, an bi kansa duka. Yadda masaƙi ke saƙa ƙyalle siriri a ɗinke shi gefe da gefe ya zama gwado, haka aikin yake, sai dai a nan kowane ziri da nasa karkace da nasa hasken.

Ba da LRO aka fara ba. Luna 3 na Tarayyar Sobiyet ne ya fara nuna bayan Wata a Oktoba 1959. Kumbunan Lunar Orbiter guda biyar, 1966 zuwa 1967, sun ɗauki kashi 99 cikin 100 na Wata a kan fim, suna wanke shi a cikin kumbon, su karanta shi layi-layi su aiko, shi ya sa za ka ga hotunansu da zane-zane. Clementine ya zo a 1994 da kyamarorin dijital. Kaguya na Japan, 2007, ya yi taswira mai mita 10, China kuma ta fitar da mai mita 7 daga Chang'e 2 a 2012. Matakan aikin ɗaya ne a wajen duka.

Abin da kumbo ke aikowa lambobi ne ɗanye, kuma a matse: WAC tana auna haske da bit 11, ta mayar da shi bit 8 don ya yi sauƙin aikawa. Da farko a warware wannan matsi. Sai a cire abin da kyamarar ke rubutawa ko a cikin duhu, wanda ke ƙaruwa da zafinta. Sai a raba da hoton daidaito, domin ɗigon da ke tsakiya da na gefe ba sa jin haske daidai. A ƙarshe a yi lissafin nisan rana a ranar, a sami adadin hasken da ƙasa ta mayar cikin wanda ya sauka mata. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga layukan tsaye sun bi kowane ziri daga sama har ƙasa, a wuri ɗaya a kowane hoto. Da ganin haka ka san laifin kyamara ne, ba ƙasar Wata ba.

Yanzu tambaya ta farko, ina ɗigon yake. Ana zana layi daga kyamara, ta cikin ɗigon, har ya soki ƙasa. Don yin haka dole a san inda kumbon yake a wannan sakan, da inda ya fuskanta, da yadda gilashin kyamarar ke lanƙwasa haske, da abin da agogon kumbon ke nufi a agogon duniya. Waɗannan bayanai suna cikin fayilolin da ake kira SPICE. Ka duba yadda ƙaramin kuskure ke girma: agogo ya kauce da kashi 1 cikin 10 na sakan, hoto ya zame mita 160. Fuskanta ta kauce da kashi 1 cikin 10 na digiri daga tsayin kilomita 50, ya zame mita 87. Sanin inda kumbon yake ma ba wasa ba ne. A ƙarƙashin manyan filayen Wata masu duhu akwai dunƙulen duwatsu masu nauyi da ke fisgar kumbo daga hanyarsa, an gano su a 1968 daga yadda Lunar Orbiter ke tangaɗi. Kuma idan kumbo ya shiga bayan Wata, rediyon duniya ba ya ganinsa, sai lissafi. Sai da tagwayen kumbunan GRAIL suka auna ƙarfin jan Wata a 2012 sannan aka sake lissafa hanyoyin LRO, kuskuren ya sauko wajen mita 10.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi cin mutane. Layin nan da ka zana, wace ƙasa zai soka? Idan ka ɗauka Wata ƙwallo ne sumul mai rabin faɗi kilomita 1,737.4, wanda shi ne ma'aunin da aka yarda da shi, to ka manta cewa daga rami mafi zurfi, fiye da kilomita 9 ƙasa da wannan ma'auni, zuwa tudu mafi tsawo, kusan kilomita 11 sama da shi, akwai kusan kilomita 20. Ɗigon da kyamara ta kalla kai tsaye daga sama ba ya damuwa da wannan. Na gefe ne ke shan wahala. Ɗauki misalin ramin Manilius. Na zaɓe shi ne da gangan: yana kan digiri 14.5 arewa, 9.1 gabas, ke nan in ka ɗauki latitud da lonjitud na Damagaram ka ɗora a Wata, kusa da bakinsa na kudu za ka sauka. Faɗinsa kilomita 38, zurfinsa wajen kilomita 3. Idan ya faɗo a gefen ziri, inda kyamara ke kallonsa a karkace da digiri 30, gindinsa zai kauce daga inda ya kamata da 3 sau tanjan 30, wato kilomita 1.7, ɗigo 17 a taswira mai mita 100. A zirin da ke maƙwabtaka, da aka kalle shi daga ɗaya ɓangaren, zai kauce ta kishiyar hanya. Ka haɗa su, sai ka ga rami ya tsage biyu a wajen ɗinkin, ko ƙaramin rami ɗaya ya fito sau biyu.

Irin wannan ce ta sami taswirar Clementine ta farko, wadda aka haɗa daga hotuna wajen 43,000 a kan Wata sumul. Kyakkyawa ce a ido, amma a wurare ta kauce da kilomita da dama, sai da aka sake lissafin da ma'aunai 272,931, kowanne da tudunsa, a aikin da ake kira ULCN 2005. LRO ya tafi da maganin abin a jikinsa, na'urar LOLA. Tana harba leza sau 28 a sakan, kowane harbi ya rabu biyar, ta auna lokacin da hasken ya yi kafin ya dawo. Ta tara ma'aunin tudu fiye da biliyan 6. Rauninta shi ne layin da kumbo ya bi kawai take aunawa, a ƙuryoyi layukan sun cunkushe, a tsakiya akwai giɓi tsakaninsu. Ana cike giɓin da hotunan wuri ɗaya da aka ɗauka daga kusurwa biyu, kamar yadda idonka biyu ke gane nisa. Haka aka yi taswirar tudu da kwari ta GLD100 daga hotunan WAC, daga digiri 79 kudu zuwa 79 arewa, da SLDEM2015 da ya haɗa LOLA da hotunan Kaguya. A kan irin wannan ƙasa mai tudu da kwari ake shimfiɗa kowane hoto.

Ko bayan haka akan sami saura. Sai a sa kwamfuta ta nemi alama ɗaya, ƙaramin rami ko dutse, a cikin hotuna biyu ko uku da suka hau juna, ta tara dubban irinsu, sannan ta gyara fuskantar kyamara ta kowane hoto, duka a lokaci guda, har sai layukan da ke nuna alama ɗaya sun haɗu a wuri ɗaya. Ana son abin da ya rage ya gaza ɗigo ɗaya. Abu biyu ke ɓata wannan. Idan hoto ɗaya na safe ne, ɗaya na yamma, kwamfuta takan kama bakin inuwa ta zaci alama ce, alhali inuwa ta koma ɗaya gefen. Guda goma irin wannan sun isa su murɗe yanki guda, don haka ana duba waɗanda kuskurensu ya fi yawa da ido a zubar. Na biyu, idan ba a ɗaure wasu alamun da ma'aunin LOLA ba, hotunan za su yarda da juna sarai, amma gwadon duka ya zame gefe guda.

A gefe kaɗan: lambobin wuri a Wata ma iri biyu ne. Akwai tsarin da ya ɗauki matsakaicin wurin da ke fuskantar duniya a matsayin sifili, shi ake kira ME, shi ne na taswira. Akwai PA, mai bin yadda nauyin Wata ya rabu, na masu lissafin hanyar kumbo. Bambancinsu a ƙasa ya kusa kilomita 1. Wanda ya gauraya su zai ga komai ya zame daidai wa daida, ya yi ta neman laifi a kyamara. Abin da ke riƙe da tsarin duka shi ne madubban da Apollo 11, 14 da 15 da motocin Lunokhod biyu suka bari, waɗanda har yau ake harba musu leza daga duniya.

Sai haske, kuma a nan ne mai taswira ke yanke shawara, ba kwamfuta ba. Je ka duwatsun Birni da tsakar rana ka ɗauki hoto daga sama, za ka ga launin dutse da na yashi, amma komai a baje. Koma bayan la'asar, kowane dutse ya miƙe da inuwarsa, launi kuwa ya ɓace a cikinta. Haka Wata. Ka sa yara su dube shi da tabarau mai jawo nesa yana ɗan kwana 7, su dubi gefen da haske ke haɗuwa da duhu, ramuka za su fito ɓaro-ɓaro, Manilius na cikinsu. Daren 14 kuwa sai fari da baƙi kawai. Saboda haka taswirar Wata iri biyu ce, ta siffar ƙasa da ta hasken ƙasa, kuma hoto ɗaya ba ya yin duka biyun. Clementine yana wuce layin tsakiya ne da rana a tsaka, shi ya sa taswirarsa ta yi kyau wajen rarrabe duwatsu, amma a tsakiyarta da ƙyar ka gane rami.

Taswirar da ka gani ta siffa ce. An zaɓi hotunan da rana ta karkata daga tsakar ka da digiri 55 zuwa 75 a layin tsakiya. Ga dalilin da ya sa ta ci wata 15 maimakon kwana 27. Hanyar kumbo tana tsaye ne idan aka gwada ta da taurari, rana kuwa tana matsawa da kusan digiri 1 kullum. Tazarar digiri 20 ɗin nan ke nan kwana 20 kawai take yi, bai isa Wata ya gama juyi ba. Tana dawowa sau huɗu a shekara, biyu da hasken safe daga gabas, biyu da na yamma. Kuma ko an ɗauki juyi ɗaya cur, zirin ranar farko da na ranar ƙarshe maƙwabta ne a ƙasa, amma rana ta matsa da digiri 27 tsakaninsu, sai ɗinkin ya fito kamar an yanka da wuƙa.

Don rage wannan ake yin gyaran haske. Ga kowane ɗigo ana lissafa kusurwa uku: ka kafa sanda a tsaye a wurin, akwai kusurwar da ke tsakanin sandan da rana, da wadda ke tsakanin sandan da kyamara, da wadda ke tsakanin rana da kyamara. Sai a yi amfani da ƙa'ida a mayar da hasken ɗigon zuwa yadda zai kasance da an ɗauke shi a yanayi ɗaya da kowa, galibi rana a digiri 30, kyamara a sama kai tsaye. Ƙa'idar da ta dace da bangon farar ƙasa ba ta aiki a nan. Ƙurar Wata tana mayar da haske ne ta inda ya fito, shi ya sa Wata daren 14 gefensa da tsakiyarsa haskensu kusan ɗaya, kuma idan rana ta zo daidai bayan kyamara ƙasa takan yi wani ƙyalli na ban mamaki. Ana amfani da ƙa'idar Lommel da Seeliger ko ta Hapke. Matsalar ita ce tsaunuka masu fari da filaye masu duhu ba sa bin lambobi ɗaya, in ka gyara wa ɗaya ka ɓata ɗaya. Taswirar launi ta WAC ta warware wannan da lissafa lambobin Hapke daban ga kowane murabba'i mai digiri 1, sannan ta ɗauki matsakaici daga hotunan watanni masu yawa. Amma ka sani babu ƙa'idar da ke cire inuwa. Inda haske bai sauka ba, babu abin da za a gyara.

A ƙuryoyi abin ya fi tsanani. Wata ya karkata da digiri 1.5 kacal, rana tana rarrafe ne a gindin sama duk shekara, kuma akwai ramuka irin Shackleton, mai faɗin kilomita 21, da ba ta taɓa leƙa gindinsu. A taswirar WAC baƙi ne wuluk. Kyamarar ShadowCam da ke kan kumbon Danuri na Koriya ta Kudu, da aka harba a 2022, ita ke ganin cikinsu da ɗan hasken da ke faɗowa daga bangon ramin, don ta fi NAC, kyamarar LRO mai ɗaukar ƙananan abubuwa dalla-dalla, jin haske da kusan ninki 200.

Shimfiɗawa a takarda, wannan fanninka ne, ba sai na tsawaita ba. Taswirar mai kusurwa huɗu tana jan gabas da yamma: ninki 2 a digiri 60, kusan ninki 6 a digiri 80. Shi ya sa ake yanka ta guda takwas tsakanin 60 kudu da 60 arewa, a yi wa ƙuryoyi biyu nasu zanen daban. Girman kuwa, kewayen Wata kilomita 10,916 ne, a mita 100 sai ka sami ɗigo 109,164 a kwance, 54,582 a tsaye, kusan biliyan 6, wato giga 6 in kowanne bit 8 ne. Da za a yi Wata duka a rabin mita irin na NAC, sai tera 150, don faɗin ƙasarsa ya kai Nijar sau 30. Yankin arewa kaɗai, daga digiri 60 zuwa ƙurya, a mita 2, ya ci hotunan NAC 10,581.

Game da gwadawa, i, za ka iya, kuma kayan aikin kyauta ne. Amma kada ka nufi Wata duka, kuɗin mega da ɗaukewar wuta za su karya maka gwiwa. Ɗauki ziri uku ko huɗu a kan Manilius. Buɗe shafin QuickMap na LROC, wato sashen kyamarorin LRO, zana akwati a wurin, nemi hotunan WAC na juyi ɗaya, masu bin juna, rana tsakanin digiri 60 da 70, ka sauke ɗanyensu, masu alamar EDR. Manhajar ita ce ISIS ta USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, tana aiki a Linux ko Mac, a Windows kuwa ta cikin WSL, mai sa Linux ya yi aiki a cikinta. Umarnin lrowac2isis zai raba maka kowane hoto zuwa fayil huɗu, ka riƙe biyun da ke da vis, even da odd. Dalili shi ne WAC ƴan yanka masu layi 14 take ɗauka a jere, fayil ɗaya na riƙe da na ɗaya, na uku, na biyar, ɗayan na riƙe da sauran. Wanda ya yi aiki da guda kawai zai sami hoto mai ratsi-ratsi, rabinsa babu komai. Sai spiceinit, ka sa web=true don kada ka sauke tarin fayilolin SPICE, kuma kada ka zaɓi shape=ellipsoid sai in so kake ka nuna wa yara ramin da ya tsage, wanda darasi ne mai kyau. Sai lrowaccal ya gyara lambobin kyamara, sai photomet ya gyara haske, sai cam2map ya shimfiɗa hoto a taswira, sai automos ya haɗa.

Inda sabon hannu ke faɗuwa shi ne cam2map. Ka yi fayil ɗin taswira guda ɗaya da maptemplate, ka ba kowane hoto shi, ka sa pixres=map. In ka bari yadda yake, kowane hoto zai fito da nasa girman ɗigo, automos ya ƙi haɗa su. Ka shimfiɗa hoto sau ɗaya tak, don kowane maimaici yana dushe shi. Ka bar lambobin a bit 32 har ƙarshe, kuma ka lura kada "babu bayani" da inuwa ta gaske su zama sifili ɗaya, in ba haka ba gindin ramuka zai huje a taswirar. Akwai equalizer da noseam masu ɓoye ɗinki. Don allon aji babu laifi, amma wanda zai auna hasken ƙasa kada ya taɓa su, suna canza lambobin. In kuma ramuka suka yi maka kama da tudu, hoton lafiya lau yake, ido ne ya saba da haske daga sama, juya takardar kawai.

In taswirar bango kawai kake so, ba sai ka bi duk wannan ba. Akwai ƙananan kwafi na taswirar WAC a shafin LROC. Mai ɗigo 16 a digiri tana da 5,760 a kwance da 2,880 a tsaye, ta isa a buga babbar takarda. Idan ka buɗe ta a manhajar taswira ta QGIS, ka tabbata tsarin ma'aunin na Wata ne, mai rabin faɗi mita 1,737,400, ana samunsa da lambar IAU_2015:30100 a sababbin fitowa. Gwajin mai sauƙi ne: auna Manilius daga baki zuwa baki. In ka sami kilomita 38, komai daidai. In ka sami wajen 140, manhajar ta ɗauka a duniya kake, ta ninka maka komai sau 3.67.